SUNA DA ASALI A SANA'AR ƘERA MOTOCI: ABIN LURA GA MASANA'ANTUN SHARAƊA DA CALAWA DA BOMPAI

1.0 GABATARWA

Idan aka zo neman aure a ƙasar Hausa, iyayen yarinya ba su tsayawa ga sunan manemi kawai. Sai sun tura an binciko asalinsa: ɗan wane ne, jikan wane ne, wace sana'a aka gada a gidansu, da wane hali aka san su. Haka nan mai sayen doki ba ya wadatuwa da adon sirdi, sai ya buɗe baki ya dubi haƙori, ya ɗaga ƙafa ya dubi kofato. Amma abin mamaki, in aka zo ga mota, wadda ake zuba wa dukiya mai yawa, kuma ake ɗora wa rayukan iyali, sai a tarar yawancin mutane sun tsaya ga sunan da aka manna mata a goshi. Wannan ya yabi tasa, wancan ya kushe ta, a yi ta gardama a tasha da majalisa, alhali kuwa sau da yawa motocin da ake gardamar a kansu ciki ɗaya suka fito.

Manufar wannan lacca ita ce bin salsalar waɗansu motocin da idon mutumin Kano ya saba da su, domin a nuna wata al'ada da ta zama ruwan dare ga kamfanonin ƙera motoci na duniya, watau sake amfani da tsohuwar ƙira, da kuma sanya kaya iri ɗaya a cikin motoci masu suna daban-daban. Za a fara da mafarin al'adar da dalilinta, a bi da hanyoyin da ake yin ta, da amfaninta da illarta ga mai saye. Daga nan sai a juyo gida, a dubi abin da ta haifar a Nijeriya, da abin da take nunawa ga unguwannin masana'antu uku na Kano. Magana guda ce za a yi ta komawa gare ta, watau cewa arzikin wannan sana'a yana hannun mai ƙera abin da ke ƙarƙashin suna, mai manna sunan kuwa lada kawai yake ci.

2.0 MAFARI DA DALILI

A farkon zamanin mota, wajen ƙarshen ƙarni na 19, yadda maƙeri ke ƙera garma haka ake ƙera ta, ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙarfe sai an bi shi da magagari har ya zauna a mazauninsa. Saboda haka in wani abu ya karye a wannan mota, na 'yar'uwarta ba zai shiga ba, ko da gida ɗaya ya yi su. Abin da ya sauya wannan hali shi ne daidaita awo, ta yadda kowane ƙarfe zai fito tamkar ɗan'uwansa, babu ƙari babu ragi. A cikin 1908 aka gwada wannan a bainar jama'a a Ingila. Aka ɗauki motoci uku na kamfanin Cadillac na Amurka, aka kwance su ɗai-ɗai, aka cakuɗa kayansu wuri guda, sa'an nan aka sake harhaɗa motoci uku daga cikin tarin, suka yi tafiyar mil 500 a filin tsere na Brooklands. A wannan shekara ce kuma Henry Ford ya fito da motarsa mai suna Model T, wadda aka yi ta bugawa ba tare da wani babban sauyi ba har 1927, aka ƙera fiye da miliyan 15.

Da aka gane cewa ƙarfe ɗaya zai shiga mota dubu masu suna ɗaya, sai tunani ya kai ga cewa ai zai shiga masu suna daban ma. Kamfanin General Motors, a ƙarƙashin Alfred Sloan, shi ya fi kowa raya wannan tunani daga shekarun 1920. Ya jera sunayen motocinsa hawa-hawa kamar tsani, daga Chevrolet ta mai ƙaramin ƙarfi, zuwa Pontiac da Oldsmobile da Buick, har Cadillac ta attajirai. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama jiki ɗaya ake rabawa tsakanin biyu ko uku daga cikinsu, a bambanta su da ado da fitilu da shimfiɗar kujeru.

Dalilin wannan kuwa bai wuce lissafi ba. Abin da ya fi cin kuɗi a sana'ar mota shi ne abin da ake kashewa tun kafin mota ta farko ta fito: shekarun zane da gwaji, da injunan aiki, da kuma mazubai, watau manyan dunƙulen ƙarfen da ake danna falle a kansu ya fito da siffar ƙofa ko rufi. A ɗauka, alal misali, an kashe naira miliyan 100 wajen yin mazubin ƙofa. In ƙofa 1,000 kaɗai aka buga da shi, kowace ta ɗauki nauyin naira 100,000 tun ba a lissafa ƙarfenta ba. In kuwa aka buga ƙofa miliyan ɗaya, naira 100 kacal ta hau kan kowace. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci sana'ar baki ɗaya, domin duk dabarun da za a ambata a gaba hanyoyi ne na sa mazubi ɗaya ya yi aiki mai yawa, ya kuma daɗe yana yi. Maginin gargajiya ma ya san haka. In tsohon soro ya rushe ba ya zubar da azararsa, sai ya ɗora ta a sabon gini, don ta riga ta ga damina da gara ta tsira.

3.0 HANYOYI UKU

3.1 Tsohuwar ƙira a sabuwar ƙasa

Hanya ta farko ita ce, in mota ta tsufa a ƙasar haihuwarta, sai a ci gaba da yin ta domin wata ƙasa. Babu misalin da ya fi kusa da mutumin arewacin Nijeriya kamar Peugeot, wadda Bahaushe ya raɗa wa Fijo. Masana'antarta ta Kaduna ta fara aiki a cikin 1975. Ƙirar 404, wadda akori-kurarta ta sha jigilar buhuna a kasuwannin ƙauye, tun 1960 ta fito, kuma ana shirin naɗe tabarmarta a Faransa ne aka shimfiɗa ta a Kaduna. Ita kuwa 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, aka daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983. Amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka, har ta zama motar gwamna da alƙali da direban tasha gaba ɗaya.

Haka abin yake ga Volkswagen, wadda ita ma ta buɗe masana'anta a Legas a 1975. Motarta Beetle, mai doro kamar kunkuru, zanen shekarun 1930 ce, kuma a 1978 aka daina buga salun ɗinta a Jamus. Har ila yau wannan masana'anta ta fito da wata mota mai suna Igala. Sunan na gida ne, amma motar Brasília ce ta ƙasar Birazil, wadda ta fito a 1973. In aka ɗaga mata riga kuma sai a ga Beetle ce a ciki: injin a baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Jika ce ke nan ta zo da sunan aro.

Wannan ba ga Afirka kaɗai aka yi ba. Lada ta Rasha, wadda aka fara a 1970, Fiat 124 ce ta Italiya ta 1966, aka ƙara mata ƙwari domin sanyi da munanan hanyoyi. Ambassador ta Indiya kuwa Morris Oxford ce ta Ingila ta shekarun 1950, ba a daina yin ta ba sai 2014.

3.2 Jiki ɗaya, suna barkatai

Hanya ta biyu ita ce a ƙera abu ɗaya a ɗaki ɗaya, in ya zo bakin ƙofa sai a manna masa tambari daban-daban. Tun kafin mota ta yawaita, keke ya riga ya kawo wannan dabara ƙasar Hausa. Dattawa suna iya tuna gardamar da ake yi tsakanin mai Rali da mai Hamba. Gaskiyar maganar kuwa ita ce kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ya saye Humber tun 1932, ya saye Rudge a 1943, sa'an nan a 1960 ya haɗu da rukunin da ke da Hercules da Phillips. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A cikin motoci, a dubi J5, wadda ta daɗe tana ɗaukar tumatir da albasa da tattasai daga Arewa zuwa Kudu. A 1981 ta fito daga wani haɗin gwiwa tsakanin Peugeot da Fiat, kuma babbar masana'antarta tana Italiya. Wadda aka sa wa tambarin zaki ita ce Peugeot J5, 'yar'uwarta Citroën C25, ta uku Fiat Ducato, duk jiki ɗaya. Sai kuma motar da ta mamaye tashoshin Kano da Katsina da Sakkwato, wadda direbobi ke kira Sharon. Sunanta Volkswagen Sharan, ta fito a 1995 daga masana'antar Palmela ta ƙasar Fotugal, wadda Volkswagen da Ford suka gina tare. Daga layi ɗaya Ford Galaxy ta fito, daga baya SEAT Alhambra ta biyo.

Al'adar ba ta tsaya ba har yau. Kamfanin Dangote Peugeot, wanda ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 2022, ya fara ne da 301, tagwaiyar Citroën C-Elysée. Akori-kurar Peugeot ta zamani kuwa, watau Landtrek, tare da kamfanin Changan na ƙasar Sin aka tsara ta, kuma a can tana da nata sunan.

3.3 Tarayya a ɓoye

Hanya ta uku ta fi sauran dabara, domin ido ba ya kama ta. Jikin motocin ya bambanta ƙwarai, amma shimfiɗarsu ɗaya ce, watau ƙashin ƙasa wanda injin da giya da sitiyari da ƙafafu suke ɗaure a kansa. Volkswagen Golf da Audi A3 da Škoda Octavia da SEAT Leon shimfiɗa ɗaya suke kai. Lexus ES, wadda ake yi wa kallon motar manya, daga gidan Toyota Camry ta fito. Ita kanta J5 da aka ambata, injinta na fetur na gidan 504 ne, shi ya sa makaniken Fijo bai sha wahalar karɓarta ba.

Misalin da ya fi ban sha'awa shi ne na Pontiac Vibe, wadda ta cika titunan Kano. An ƙera ta a Kalifoniya daga 2002 zuwa 2009, a wata masana'anta ta tarayya tsakanin General Motors da Toyota. 'Yar'uwarta ita ce Toyota Matrix, su biyun kuwa 'ya'yan Corolla ne. A 2010 aka kashe sunan Pontiac baki ɗaya, ba a sake yin wata mota mai wannan suna ba. Da suna ne ke riƙe da mota, da tuni Vibe ta zama kaskon kaji a bayan gida. Amma tana nan tana tafiya, don duk inda aka sami kayan injin Corolla an sami nata. Suna ya mutu, asali ya rayu.

Yawan haɗewar kamfanoni ya ƙara wa wannan hanya ƙarfi. Tun 1976 Peugeot da Citroën suka zama gida ɗaya, a 2021 kuma wannan gida ya haɗu da na Fiat da Chrysler aka sami Stellantis, mai sunayen motoci 14 a ƙarƙashin rumfa ɗaya.

4.0 AMFANI DA ILLA GA MAI SAYE

Amfanin wannan al'ada ga ƙasa irin Nijeriya a fili yake. Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙirar da ta shekara 15 a kan hanya an riga an gano cututtukanta an magance su. Yaron da ya koyi gyaran 504 a gareji a 1978 ya ci abinci da wannan ilmi har ya yaye nasa yaran. Ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da ya ajiye kaya iri ɗaya yana da masu saye daga motoci iri uku ko huɗu, saboda haka jarinsa ba ya kwanciya, farashi kuma yana sauƙi. Motar da ta lalace a tsakanin Gumel da Maigatari ba sai an jira kaya daga Turai ba. Wannan shi ne ainihin abin da direba ke nufi in ya ce mota kaza tana da kaya, kuma sau da yawa shi ke yanke mata daraja a kasuwa, fiye da kyanta.

Amma fa akwai illoli, kuma ya kamata a san su. Ta farko, tsohuwar ƙira tana zuwa da tsohon ilmi. Motar da aka zana a shekarun 1960 ba a gina ta da dabarun kare rai da aka gano daga baya ba, irin su jakar iska da ke kumbura ta tare mutum in an yi karo, da burkin da ba ya kulle ƙafa. Ta kuma fi shan mai da fitar da hayaƙi. Sauƙin da aka samu a gareji wani lokaci a asibiti ake biyan sa.

Ta biyu, akan sayar wa mutum suna a kan kuɗin asali. A 1977 masu sayen Oldsmobile a Amurka suka gano cewa injin Chevrolet aka sa wa motocinsu ba tare da an gaya musu ba. Magana ta kai kotu, kamfanin ya biya diyya.

Ta uku, wake ɗaya shi ke ɓata gari. In kamfanoni da yawa suka dogara ga maƙeri guda, aibinsa ya shafe su duka. Haka ta faru da jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, wadda aka gano tana iya fashewa ta watsa gutsattsarin ƙarfe, musamman inda zafi da laima suka haɗu. An yi asarar rayuka, aka kira miliyoyin motocin Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW da waɗansu domin a sauya musu, kamfanin kuwa ya karye a 2017. Motar da ta riga ta bar ƙasarsu ta shigo ta Kwatano, da wuya takardar kiran ta iske mai ita a Kano.

Ta huɗu, kama da wane ba ta wane. Sharan da Galaxy jikinsu ɗaya, amma waɗansu Galaxy masu fetur injin Ford na kansa ne a cikinsu, kayan Volkswagen ba su shiga. Wanda ya saya da zaton komai ɗaya ne sai ya sha mamaki ranar gyara. Maganin wannan shi ne a bar dogara ga ido, a dubi lambar injin da lambar da ke jikin kayan.

5.0 HARHAƊAWA DABAN, ƘERAWA DABAN

A cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, Gwamnatin Tarayya ta haɗa hannu da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun motoci shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Badun, Mercedes-Benz a Inugu, Steyr a Bauci, sai kuma Fiat a Kano, watau kamfanin NTM da ke kan hanyar Zariya, mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Niyyar ita ce a fara da harhaɗa kayan da aka kawo a cikin akwatuna, sannu a hankali a riƙa maye gurbinsu da na gida.

Kano ta ga wannan aiki da idonta ta wata hanya mai ban al'ajabi. Saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas a tsakiyar shekarun 1970, sai aka riƙa ɗauko kayan Peugeot a jirgin sama. Jiragen kamfanin UTA suna tasowa daga birnin Lyon na Faransa su sauka a filin jirgin saman Kano, a ɗora akwatunan a manyan motoci zuwa Kaduna. Watau mota tana zuwa a jirgi, ta ratsa birnin maƙera da dukawa da majema a cikin akwati.

Ba za a ce ba a yi komai a gida ba. An yi taya da batir da gilashi da fenti da kujeru. Amma injin da akwatin giya da manyan fallayen jiki, waɗanda su ke riƙe da yawancin darajar mota, galibi daga waje suke zuwa. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka aza harsashinta a ƙarshen shekarun 1970, ba ta kammala ba. Ma'aikatun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodi da waya suka yi, ba fallen da ake buga jikin mota da shi ba. Mazubi yana can, hannu yana nan.

Kayan aro ba ya rufe katara. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, akwatuna suka ragu. Da aka karya darajar naira a 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ga gwanjon Turai. Masana'antun suka yi ta ramewa, aka sayar da hannun jarin gwamnati a cikinsu a shekarun 2000. Masu yi musu kaya ma suka bi sahu: Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Legas a 2008.

Domin a ga cewa laifin ba na tsohuwar ƙira ba ne, sai a kwatanta da waɗanda suka karɓi irinta. Kamfanin Steyr na Ostiriya, wanda ya zo Bauci, shi ne kuma ya sayar wa ƙasar Sin lasin babbar motarsa a farkon shekarun 1980. Mutanen Sin ba su tsaya ga ɗaura kusoshi ba, sai da suka koyi zuba injin da yanka giya da buga jiki. Daga wannan tushe kamfanin Sinotruk ya fito da Howo, wadda a yau ke jigilar siminti da kaya a hanyoyin Nijeriya. Iri ɗaya aka shuka a gona biyu, ɗaya ta yi hatsi har tana sayar wa ɗayar.

Haka kuma Indiya. Kamfanin Bajaj ya fara ne da lasin Piaggio na Italiya, mai babur ɗin Vespa na 1946 da mai ƙafa uku Ape na 1948, wanda shi ma gaban Vespa ne aka ɗaura wa ƙafa biyu a baya. Lasin ya ƙare a 1971, amma kafin nan Bajaj ya iya ƙira, ya ci gaba da nasa. Jikan wannan ƙira shi ne babur mai ƙafa uku da mutanen Kano ke kira A Daidaita Sahu.

6.0 ABIN LURA GA SHARAƊA DA CALAWA DA BOMPAI

Bompai ita ce babbar yaya a cikin unguwannin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa. Sharaɗa ta bunƙasa bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Calawa kuma ta biyo baya a gefen kogin da ta ci sunansa. A tsakaninsu an yi man gyaɗa da alewa da kwanuka da yadi da jima da kayan roba da katifu. Har keken Raleigh an harhaɗa a Kano. Da yawa daga waɗannan masana'antu sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar kuɗin waje da kwararowar kayan ƙetare. Amma filin yana nan, gine-gine suna nan, masu aikin roba da fata ba su ƙare ba.

Tambayar da akan yi ita ce, yaushe Kano za ta ƙera motarta? Bayanin da ya gabata ya nuna cewa akwai tambayar da ta riga wannan. Tun da ƙarfe ɗaya yana shiga motoci masu suna da yawa, mai ƙera wannan ƙarfe ba ya bukatar mallakar suna ko ɗaya. Abin da yake bukata shi ne yawan motoci 'yan gida ɗaya a kusa da shi, wannan kuwa Kano tana da shi. Tun da aka hana acaɓa a birnin a watan Janairu na 2013, A Daidaita Sahu ya cika gari, kuma kusan dukansu daga kamfanoni ƙalilan suke, Bajaj da TVS a kan gaba. Ga dangin Corolla, ga dangin Sharon da Golf, ga dangin Hiace da kwaikwayonta na ƙasar Sin. Kasuwar kuma ba ta tsaya a Kano ba, ta kai Maraɗi da Damagaram da bayansu. Lissafin mazubi da aka yi a baya, nan ne zai iya yin aiki.

Kayan da za a fara da su ba na nesa ba ne. Masu aikin roba na Sharaɗa suna iya yin bamba da murfin fitila da bututun ruwa da shimfiɗar ƙasa. Majeman Calawa da masu katifa suna iya yin kujeru. Masu aikin ƙarfe suna iya yin salansa da lagireto da wayar kuloci da ta burki. Tuni ma teloli da masu walda na bakin titi suke yin rumfar A Daidaita Sahu da kujerunsa, sai dai kowa da nasa awon. Garin Nnewi na Jihar Anambra ta wannan hanya ya bi: 'yan kasuwar kayan gyara ne suka koma masu ƙera su a shekarun 1980, kafin masana'antar motoci ta Innoson ta buɗe a can a 2010.

Sharuɗɗan kuwa uku ne. Na farko awo. Darasin 1908 har yanzu shi ne darasi, domin kayan da sai an bi shi da guduma kafin ya zauna ba zai fita kasuwa ba, kayan burkin da ba a gwada ba kuwa makami ne. Nan ne aikin sassan injiniya na Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da kwalejin fasaha ta jiha, da kuma hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa. Na biyu wutar lantarki wadda ba ta yankewa a tsakiyar aiki, don robar da ta daskare a cikin inji asara ce. Na uku harshe. Makaniken Bahaushe ya riga ya mayar da mota tasa, shaida kuwa kalmominsa: fulogi, kuloci, giya, totur, sitiyari, safaya. Amma ilminsa a ka yake, daga bakin maigida zuwa kunnen yaro, in maigida ya mutu ya tafi da rabinsa. Littafin da zai jera da Hausa cewa kayan mota kaza yana shiga mota kaza, da lambarsa da awonsa, zai amfani gareji da kasuwa da masana'anta a lokaci guda.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa sake amfani da tsohuwar ƙira da raba kaya tsakanin sunaye dabara ce da tsadar mazubi ta haifar, kuma tana tafe ta hanya uku: mayar da tsohuwar mota wata ƙasa, sauya tambari, da tarayya a kan shimfiɗa da injin. An ga ta kawo wa mai saye sauƙin kaya da sauƙin gyara, ta kuma zo masa da haɗarin tsohon ilmi da ruɗin suna da aibin da ke yaɗuwa. An ga kuma Nijeriya da Sin da Indiya duk tsohuwar ƙira aka ba su, abin da ya raba su shi ne wanda ya kai ga riƙe mazubi da wanda ya tsaya ga buɗe akwati.

Ga mai sayen mota, shawara ita ce ya tambayi asali kafin ya biya kuɗin suna. Ga masu masana'antu da hukuma kuwa, ba daga tambari ake fara ƙira ba, daga ƙaramin abu ake farawa, wanda aka auna daidai, aka buga da yawa, ya shiga duk inda aka sa shi. Ranar da direba a Agadas zai shiga shago ya nemi lagireto ya ce shi sai na Sharaɗa, ranar ce Kano ta shiga sana'ar mota, ko da babu mota ɗaya mai ɗauke da sunanta.